Muciyar da Ban Karɓa Ba

Zuwa ga Glenda,

Hasken idona, ɗumin tafin hannuna a watan sanyi, kofin shayina na farko da safe, rana guda ɗaya tak da ta taɓa fitowa a garin Whitby ta wuni ba ta ɓuya ba! Ke ce furen nan mai taurin kai da ke tsirowa a kan dutsen bakin teku, inda iska ke fizge hular mutum ta kai wa mutanen Norway kyauta. Ke ce ƙamshin burodi a titin da ruwan sama ya wanke. Ke ce wutar murhu da matafiyi ke hangowa ta taga, takalmansa cike da ruwa.

Ki ɗora butar shayi, ki zauna, domin ni na kasa zama. Tun jiya ƙafafuna suke yawo da ni a cikin shago kamar na sha shayi buta goma. Wata mata ta nemi littafin kiwon kaji, na naɗe mata tarihin yaƙin ruwa, har da yi mata fatan alheri. Na gane, Glenda! Na gane! Mutumin da ya tsufa a tsakiyar tsofaffin littattafai, yana sayar da hikimar wasu a rabin farashi, sai jiya ya gane abin da duk garin nan ya riga shi ganewa.

Kin tuna Lahadin da ta wuce, ranar juya fudin Kirsimeti, tuwon zabibin nan mai zaƙi da kowane ɗan gida ke juyawa ya yi buri? Ina ma a ce kin manta! Kicin ɗinki ya cika da ƙamshin kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, tagogi sun yi gumi, babban kwanon nan mai ruwan ƙasa yana tsakiyar tebur cike da zabibi. 'Yarki ta karɓi muciya ta juya daga gabas zuwa yamma, ta runtse ido ta yi burinta a zuci. Mijinta ya juya. Ni ina jingine da ƙofa, riƙe da kofina, ina kallon gari a gefen kumatunki, ina tunanin duk farin dusar ƙanƙarar duniya bai kai wannan ɗigon kyau ba. Clive Barraclough yana tsaye kusa da murhu, shi da ba a gayyata ba, wai ya zo mayar da faranti. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, amma har yau bai daina shiga bakin mutane ba.

Sai kika juyo. Kika wuce Clive kamar turken fitila, kika miƙo mini muciya, kika ce, "Neville, zo ka juya."

Ni kuwa me na ce? Ya ƙasa, ki tsage! Na ce, "A'a, a'a, ai Clive ya riga ni shigowa."

Ki yi mini adalci, ya sanyin idona. Haka aka raine mu. An koya mini idan aka miƙo biskit in ce na ƙoshi, a sake miƙowa in ce kada a damu, sai a karo na uku in ɗauki mafi ƙanƙanta ina ba da haƙuri. An koya mini bin layi kafin a koya mini karatu. Ni ne mutumin da idan ya tarar da mutum ɗaya tsaye a bakin titi yana kallon agogo, sai ya tsaya a bayansa, ko da wani abu. Na tsaya ina jiran ki sake miƙowa, na shirya a'a ta biyu, na tanadi to ta uku. Clive kuwa bai san wannan tarbiyya ba. Caraf ya cafe muciya, ya dama daga yamma zuwa gabas, idonsa a buɗe, yana ba da labarin wani dasashi. Kika dube ni, kika share hannu a jikin tawul, kika ce, "To, wa zai ƙara shayi?" Ya kamata in gane tun a lokacin. A ƙasar nan, idan mace ta yi wannan tambaya da irin wannan murya, ko dai an yi rasuwa ko jirgi ya nutse.

Ban gane ba. Na tafi gida ina yaba wa kaina da ladabi.

Ranar Alhamis na shiga sinima kamar kullum, da ledar alewar na'ana'a da muke rabawa. Tun yaushe jakarki take tsare mini kujerar da ke hagunki? A ranar kuwa rigar ruwan Clive na tarar a kai, Clive kuma a cikinta. Kika ce, "Sannu, Neville. Ana ruwa." Na ce, "Ana yi kam, amma an ce zai ɗauke." Na koma baya na zauna, na shanye alewar nan ni kaɗai, ina kallon ƙeyarki. Kin san ƙeyarki ta fi duk abin da aka nuna a majigin nan tun da aka gina shi?

Sai jiya Juma'a, a layin kifi, Allah ya haɗa ni da babbar yayata, Yaya Audrey. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

Ta ce, "Kai Neville, tun kana cikin zanen goyo na san kanka ba ya ja sosai, amma ban zaci abin ya kai haka ba. Muciyar nan ta kakar Glenda ce. Sai ɗan gida ke taɓa ta. Tun da mijinta Roy ya rasu, Glenda ba ta miƙa wa wani namiji ba in ban da mijin 'yarta, shi ma sai da ya gyara mata rufin ɗaki. Ta miƙa maka a gaban 'yarta, kai kuma ka ce me?"

Na ce, "Na ce Clive ya riga ni shigowa."

Ta ce, "Sakarai mai gilashi! Tashar bas ce? Mace ta ce zo ka zama ɗan gida, ka tsaya duba wa ya riga wa! To ka sani, Clive ya gayyace ta cin abincin Kirsimeti a gidansa, ta ce za ta ba shi amsa ranar Lahadi bayan coci. Sai ka je ka bi layi a bayansa."

Mutanen layi suka kafa wa bango ido suna saurare da duk jikinsu. Mai kifi ta leƙo ta ce, "Gishiri da ruwan tsami, ɗan'uwa, ko dai a barbaɗa maka hankali?"

Glenda, ban ji haushi ba. Wallahi ban ji ba! Na fito da ƙunshin kifina da soyayyen dankali, ruwa yana dukan fuskata, ina dariya ni kaɗai a kan gada. Wani ƙaton tsuntsun teku ya sauko ya sure rabin kifin, na ɗaga masa hula na ce ya gaida gida. Ni aka miƙa wa! Ni, da gashina da ya fara hijira, da rigar ulu mai faci a gwiwar hannu! Akwai sarkin da aka taɓa naɗawa da abin da ya fi muciyar nan daraja?

Yanzu bari in janye wasu maganganu, tun da bakina ya buɗe.

Fim ɗin nan na mutanen arewacin Turai da muka kalla watan jiya, na mai gadin tashar da jirgi ba ya tsayawa, wanda ya yi awa biyu yana kallon matar da ke kawo masa madara bai ce uffan ba har ta tsufa: na ce miki gwaninta ne, na ce shirun nan ya fi magana zurfi, har na kawo miki sunayen masana. Kika ce, "Ni dai da na samu mutumin nan da na kwaɗa masa kwalbar madarar." Na ɗauka sharhin fim kike yi! Yau na sake shawara. Fim ɗin banza ne, mai gadin kuma ragon namiji ne, kuma kwalbar ta dace da shi.

Na Faransa kuwa, wanda mutum shida suka wuni a tebur suna musu a kan ma'anar ƙauna abinci yana hucewa, ina nan a kan bakana: duk wanda ya bar romo ya daskare don falsafa bai cancanci ƙauna ba. A nan ra'ayinmu ya zo ɗaya, kuma na ji daɗin yadda kika yi barci a kafaɗata. Ban motsa ba har aka kunna fitilu. Hannuna ya mutu murus, ban taɓa jin daɗin mutuwar wata gaɓa kamar ranar ba.

Na ranar Alhamis fa, na Amurka, mai kiɗa kamar ana rushe gari? Wanda saurayi ya hango budurwarsa a gaɓa jirgin ruwa yana tafiya da shi, ya faɗa teku da kwat da takalmi ya yi iyo ya koma? A da, da na cika miki kunne: ina ya bar jakarsa, wa zai biya wankin kwat, me ya hana shi rubuta wasiƙa daga tashar gaba kamar mai hankali? Amma daga inda nake zaune na ga kin ɗaga hannu kin share ido, na ga Clive yana duba haƙoran jarumin. Yau ina shaida wa duniya cewa ba a taɓa yin fim mai hankali kamarsa ba. Yaron nan malamina ne!

Me nake so a duniya in ba ke ba, da 'yan abubuwan da ke zuwa tare da ke? Ina son gasasshen naman Lahadi a teburinki, da dankalin da ya yi ɓawo, da romon da kike zubawa kamar ba gobe. Ina son mu ci gaba da rigimar madara: ke ki zuba ta kafin shayi, ni in zuba bayan shayi, kowa yana tausayin ɗan'uwansa, har mu tsufa babu wanda ya tuba. Ina son kek ɗin Kirsimeti da yankan cuku a kai, yadda mutanen kudu ke gani su riƙe baki. Ina son kek ɗin citta mai danƙo a daren wasan wuta, kina ɓoye hannu a aljihun rigata kina cewa naki aljihun ya huje. Bai huje ba, ko? Wayyo, Glenda, ashe shekaru kina magana, ni ina amsa miki da labarin gajimare! Ina son mu zauna a mota a bakin teku, ruwa yana zuba, gilashi ya yi hazo, muna cin burodi da ƙwai, muna cewa ai gara da muka fito.

Saboda haka ga abin da na yi. Na sayo zabibi da kitse da gari da kirfa, na karɓo kwanon mahaifiyarmu daga wurin Yaya Audrey, wadda ta ba ni tana cewa in na fasa shi kada in dawo. Na buɗe littattafan girki huɗu, kowanne ya ƙaryata ɗan'uwansa, na bi wanda ya fi tsufa don girmamawa. Komai yana cikin kwano yanzu, ƙwai a sama, gari a ƙasa, na rufe da tawul. Ban juya ba. Ko sau ɗaya ban juya ba. Na san ranar juyawa ta wuce, na san duk tsofaffin garin nan za su ce fudin da aka makara ba ya nuna. Su faɗa! Mu ma ai makararru ne, wa ya ce ba mu nuna ba?

Ban iya iyo ba, kuma tekunmu ba irin na Amurka ba ne, wanda ya faɗa masa a watan nan sai dai a yi masa addu'a. Amma gobe Lahadi, kafin ki fito zuwa coci, zan hau tudun gidanku da kwanon nan a rungume, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ba laima, don hannu biyu gare ni kuma duka na kwano ne. Zan tsaya a ƙofarki. Idan Clive ya zo, ba zan ce masa bismilla ba. Idan ya ce ya riga ni, zan dube shi ido cikin ido in ce masa ban damu ba, ko da kakannina za su juya a kabari. Idan limamin coci da kansa ya zo, ya bi bayana.

Abu ɗaya nake roƙo, ya farin watana: kada ki ba Clive amsa sai kin buɗe ƙofa. Ki fito da muciyar kakarki. Kada ki miƙo sau uku, ban cancanta ba. Sau ɗaya ya isa, ko rabin sau, ko ki ɗan ɗaga ta kawai kamar za ki kwaɗa mini. Zan karɓa. Zan juya daga gabas zuwa yamma, in runtse ido, in yi burina. Ba zan rubuta shi a nan ba, kin san burin da aka faɗa ba ya cika. Amma idan na buɗe ido na gan ki tsaye, da gari a kumatu, to ya riga ya cika, sauran kuwa sai mu dafa.

Naki, muddin ana ruwa a Whitby, muddin tsuntsayen teku suna sata, muddin kina zuba madara a lokacin da bai dace ba. Naki a farkon layi, ba mai matsawa ko taku ɗaya,

Neville