Kwana Tara Ba Sigari

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, tarin ya lafa? Ya maigidan naki da yara? Ni lafiyata ƙalau, aikin wanke-wanke a gidan abincin yana tafiya.

Kin tambayi alkawarin da na yi wa Baba a gadon asibiti. Wallahi na daina sigari, har da na lantarkin nan mai ƙamshi. Kwana tara ina tauna cingam, kai kamar zai tsage. Duk na jure.

Amma a nan ba a hira sai a ƙofar baya, kuma masu shan sigari ne kawai ke fita. Abin da na iya a yaren mutanen ƙasar nan bai wuce "ara min wuta" ba. Kwana taran nan ba wanda ya ce min uffan. Ran na goma kuku ya miƙo min kara ɗaya yana murmushi. Na karɓa, Yaya.

Ki taya ni da addu'a. Gaisuwar kawai za ki karanta wa Baba, kuma kar ki miƙa masa takardar. Ya fi kowa sanin warin.

Ƙaninki