Allurar Tsargiya da Sunana na Biyu

Rumde, Jimeta
4 ga Maris, 1974

Zuwa ga matata Zainaba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da jaririnmu da mutanen gida duka. Yaya wankan jego, yaya zafin Maiduguri? Mu nan Jimeta sai godiya, kogin Binuwai ya janye har yara na ƙwallo a kan yashi. 'Yarmu Hansai na nan ƙalau wajen mahaifiyata Ya Kellumi, kullum sai ta tambayi yaushe za a kawo mata ƙanenta.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. An kafa kwamitin yaƙi da tsargiya, za a bi makarantun firamare na Jimeta a yi wa kowane yaro wata sabuwar allura. Maganin yana aiki, ban musa ba. Amma kin tuna maƙalar da na rubuta shekaru biyu da suka wuce, lokacin da kike cewa na auri ɗakin gwaje-gwaje? A ciki na nuna cewa yaron da ya yi ciwon shawara bai daɗe da warkewa ba, allurar tana iya taɓa masa hanta. Yara kaɗan na gani a asibiti, amma da idona na gan su.

Wanda aka ɗauko ya jagoranci aikin shi ne Farfesa Ephraim, malamina na jami'a, wanda ya koya mini riƙon allura. Shi ya yi babban binciken da ya ce maganin ba shi da illa. Bari in bayyana miki yadda abin yake a wajenmu. Idan ka wallafa bincike, ana auna darajarsa ne da yawan masanan da suka ambace shi a nasu rubutun. Farfesa ya wallafa maƙaloli fiye da ɗari, ana ambatonsa daga Alƙahira har Landan. Ni huɗu gare ni, kuma wannan ta shawara, iyakar sanina, ko mutum ɗaya bai taɓa ambatonta ba.

Za mu zauna ranar Alhamis. Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da Baba da Inna.

Naki,
Aji

Rumde, Jimeta
9 ga Maris, 1974

Zainaba,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kun wayi gari lafiya.

An yi zaman. Na miƙe na yi bayani, na roƙi abu ɗaya tak: a duba kowane yaro, a tambayi iyayensa ko ya yi shawara, kafin a soke shi. Farfesa ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ɗaga maƙalata da yatsu biyu, ya tambayi waye a duniya ya karanta ta ya yarda da ita har ya ambace ta. Ya ce, "Aji, ɗana, yara tara ba bincike ba ne, labari ne." Wasu suka yi dariya. Ya ce in aka tsaya duba dubban yara ɗaya bayan ɗaya damina za ta same mu, hanyoyi su yanke, yara su ci gaba da fitsarin jini. Abin da ya fi ciwo, Zainaba, akwai gaskiya a maganarsa, kuma ba da mugunta ya faɗa ba.

Kowa ya sa hannu, ni na ƙi. Shugaban kwamiti ya ja ni gefe ya ce likitan da ya tsorata iyaye da abin da masana ba su tabbatar ba, ba zai daɗe a Jimeta ba.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye wa. Makarantar su Hansai ita ce ta farko, ranar Litinin. Kin san shawarar da ta yi bayan damina, idonta har ya zama kamar gangamau. Ya Kellumi ta ce kawai a ɓoye ta a gida, a ce zazzaɓi take yi, ba wanda zai sani. To, yaran Malam Nata'ala tela fa, da suka kwanta tare da ita? 'Yar mai ƙosan bakin kasuwa fa? In ɓoye tawa in zuba ido a soke nasu? In kuma na buɗe baki, aikina ne a bakin rami, ga ki da ɗanyen goyo.

Kada ki tayar da hankalinki a kan Hansai, ko me zai faru ba za a yi mata ba. Sauran ne ban san yadda zan yi ba.

Mijinki,
Aji

Jimeta
14 ga Maris, 1974

Zainaba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, direban da zai kawo miki yana jira.

Ranar Litinin na riƙe hannun Hansai muka tafi makaranta tare. Na tsaya a bakin ajin da ake allurar, duk yaron da ya zo sai na buɗe idonsa na tambaye shi, wanda ya yi shawara in fitar da shi layi. Ita na fara fitarwa, a gaban kowa. Hedimasta ya roƙe ni in bari, ban bari ba. Kafin azahar an kawo mini takardar neman ba'asi, an kuma hana ni shiga kowace makaranta.

Ranar Talata aka yi allurar a makarantar Damilu ba ni. Jiya aka kawo wata yarinya asibiti, Raliya, 'yar aji uku da aka yi wa allurar a can, tana amai, idonta ya yi ruwan ɗorawa, ba ta gane uwarta. Uwar ta ce ta yi shawara a lokacin kaka, ba wanda ya tambaye ta. Mun sa mata ƙarin ruwa. Na aika wa Farfesa cewa ya zo ya gani, har yanzu bai zo ba, gobe kuma za a shiga Yola Gari.

Ki roƙa wa yarinyar nan Allah.

Aji

Rumde, Jimeta
25 ga Maris, 1974

Zuwa ga Zainaba,

Bayan gaisuwa da begenki mai yawa, ina fata ke da yaro kuna ƙara ƙarfi. Na samu saƙonki, na gode da ba ki ce in ja da baya ba.

Raliya ta farfaɗo. Shekaranjiya ta nemi kunun gyaɗa, uwarta ta fashe da kuka tana ta yi mana usoko, wato godiya.

Farfesa ya zo a ranar da na rubuto miki, bayan la'asar. Ya buɗe idon yarinyar, ya danna cikinta, ya yi wa uwar tambayoyi, ya daɗe a tsaye a gefen gadon. Da ya fita, shi da kansa ya tsayar da tafiyar Yola Gari. Yanzu an koma aikin, amma sai an duba yaro an tambayi iyaye. Takardar ba'asina kuwa ba a janye ba, an ce laifin ƙin bin umarni daban ne. Ana raɗe-raɗin za a tura ni Gembu, can kan tsaunuka.

Jiya ya kira ni masaukinsa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Ya ce akwai ƙasashen da ke shirin fara allurar nan a kan maganarsa, dole a sanar da su da sauri. Ya ce in haɗa yarana tara da Raliya mu rubuta sabuwar maƙala, sunansa a gaba, nawa a baya. Na ce aikin ai nawa ne. Ya dube ni ya ce, "Naka ne. Amma in sunanka ne a gaba, sai bayan shekara goma wani zai buɗe ta."

Na so in tashi in fita, Zainaba. Na san yadda za a yi: duk wanda zai ambace ta zai ce Ephraim da abokin aikinsa, ba mai tambayar wane ne abokin. Har gida na dawo raina na tafasa. Na tarar da Hansai da yaran Malam Nata'ala suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, na tsaya ina kallonsu har aka kira magariba. Da safe na aika masa cewa na yarda.

Na san ke za ki fi ni jin haushi, kin ga wahalar da na sha. Ki huce. In kin gama arba'in ki taho, ki sayo mana barguna biyu masu kauri a kasuwa, an ce sanyin Gembu ba ya wasa da jariri.

Ki gaishe da Baba da Inna. Ya Kellumi da Hansai suna gaishe ki.

Naki har kullum,
Aji