Gashin Agwagwa Goma Sha Shida

Talata, 8 Janairu 1974

Wani ya zo rumfata yau da abin da ban san sunansa ba. Malam Sali, mai koyar da wasanni a lise, wato sakandaren su 'yata Zinariya, dogon Bafillace daga Garwa. Wai 'yata ce ta ce masa ubanta baduku ne, ba abin da ba ya ɗinkawa. Ya zaro abin daga aljihu kamar mai zaro ƙwai. Fararen gashin tsuntsu ne aka kakkafa a kan wani ɗan dunƙule mai lulluɓin fata. Na ɗauka laya ce. Ya ce bolan sunansa, da shi ake wani wasa, badminton. Biyu suka rage masa, ba a sayarwa duk faɗin Yawunde, ga bikin matasa ran sha ɗaya ga Fabrairu. In babu bolan, darakta zai soke wasan gaba ɗaya. Goma sha biyu yake so.

Na ce ya bar ɗaya in gani. Shekara talatin da huɗu ina dukanci, ba a taɓa kawo mini tsuntsu in ɗinka ba.

Alhamis, 10 Janairu

Na ƙirga. Gashi goma sha shida. Me ya hana sha biyar? Zare layi biyu ya zagaye su. Kan nasa irin toshiyar kwalba ne, mai laushi. Ko ta ina na jefa shi sama, sai ya juya ya sauko da kai. Na jefa wajen sau ashirin, har maƙwabcina Habu mai kaji ya leƙo ya ce, "Na'Allah, lafiya dai ko?"

Asabar, 12 Janairu

Sali ya aiko da toshiya cike da takarda. Warin giya kawai suke yi. Na mayar masa. Da muna cin abinci na faɗa wa matata Dije, sai Zinariya ta ce, "Baba, marfin flas fa? Faɗinsa daidai yake." Na je kasuwar Mokolo wajen mai gyaran flas, na gwada, daidai ɗin ne kuwa. Ina ta san faɗinsa?

Litinin, 14 Janairu

Na yi na farko da gashin kaza. Ya faɗo kamar dutse.

Juma'a, 18 Janairu

Habu ya samo mini gashin agwagwa wajen matan da ke kawo su Mokolo. Na fere marfin, na lulluɓe shi da fatar ɗan akuya da na kankare ta zama kamar takarda, na huda rami sha shida da basilla, na kafa, na ɗaure, na shafa gam. A ido ba ka bambanta shi da na Sali. Bayan sallar Juma'a ya zo da raket ɗinsa, wato abin da ake buga shi da shi, ya buga a lungu. Abin ya tafi yana tangaɗi, ya kauce ya faɗa kan kwanon rufin Habu.

"Ba ya juyawa, Baba," in ji shi. "Ya kamata ya dinga juyawa yana tafiya."

Na ce me ke juya shi? Ya ce shi bugawa kawai aka koya masa. To ni wa zan tambaya?

Lahadi, 20 Janairu

Huɗu na yi, duk huɗun mashaya. Na rage tsawon gashi, na ƙara. Na sa ƙusa a ciki don nauyi, na cire. Ko idona ne? Tun bara zare yake raina ni a bakin allura, ban dai faɗa wa kowa ba.

Laraba, 23 Janairu

Na yi abin da bai kamata ba. Na kwance na Sali don in ga cikinsa. Ba komai a ciki. Da na zo mayarwa, gashi uku suka karye a hannuna, gam ɗinsu ya bushe da yawa. Yanzu ɗaya ya rage wa makarantar duka.

Na kawo gutsattsarin gida a cikin hula. Zinariya ta dawo, ta gani a kan tabarma, ta tsaya. Ba ta ajiye jaka ba. Ta ce, "Baba, ɗayan ma ya fara zubar da gashi. Da me za mu yi atisaye?"

Za mu.

Na ce su wa? Dije ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba. Ashe darasin lissafin nan na Laraba da Asabar, tun watan Oktoba, wannan ne. Ashe ita ce za ta tsaya wa makarantarsu ran biki. Raket ɗin yana bayan kwanonin uwarta wata huɗu, a ɗakin da nake shiga kullum.

Ban ci abinci ba.

Alhamis, 24 Janairu

Ban taɓa gashi ba yau. Na yi kube biyu da ɗinkin jaka.

Ina ta neman abin da ya ɓata mini rai in riƙe shi da kyau, ya ƙi tsayawa. Ƙaryar ce? Ko 'yar Na'Allah tana tsalle a gaban mutane? Dije ta ce da dogon wando take yi da ɗankwali. Ta ce, "Da ta tambaye ka, Malam, me za ka ce?" Na ce a'a zan ce mana. Ta ce to. Wannan "to" ɗin ya bi ni har rumfa.

Kuma ita ce ta ce wa malaminta ba abin da ubanta ba ya ɗinkawa.

Asabar, 26 Janairu

Zinariya ba ta je atisaye ba yau. Ban hana ta ba, ban ce ta je ba. Tana ta wanke-wanken da an riga an wanke.

Litinin, 28 Janairu

Na zazzage hular don in zubar da gutsattsarin, sai gashin suka baje a kan teburin aiki. Duk gefe ɗaya suka karkata. Duka, har karyayyun. Na ɗauko nawa, wannan ya lanƙwasa dama, wancan hagu, suna faɗa da juna. Na kira Habu. Ya duba ya ce, "Ai waɗannan duk na fiffike ɗaya ne. Na hagu." Kamar kowa ya sani. Na ce don me ba ka faɗa ba? Ya ce ba ka tambaya ba.

Shida ko bakwai ne masu kyau a fiffike guda, in ji shi. Agwagwa uku kenan don abin da bai kai tafin hannu ba. Wa ya zauna ya ƙirƙiro wannan?

Laraba, 30 Janairu

Na gama ɗaya da la'asar, na hagu zalla, kowane gashi ya ɗan hau bayan ɗan'uwansa. Sali sai Juma'a zai zo. Ba zan iya jira ba. Na shiga gida na ce wa Dije, "Ki ce ta ɗauko abin nan." Tana tsaye a gabana nake cewa a ce mata.

Na jefa mata a tsakar gida. Ta buga. Wata ƙara ya yi, tas, ya miƙe sama yana juyawa, ya yi kamar ya tsaya, sannan ya sauko a hankali kusa da randa. Ta ce, "Sake jefowa, Baba." Na sake. Ban san sau nawa ba. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko kuwa ban taɓa dubawa ba, oho.

Ban ce na yarda ba. Gwaji ne.

Alhamis, 7 Fabrairu

Takwas na gama, na tara yana hannu. Agwagwar Mokolo ta ƙare. Na dama da suka taru na yi biyu da su, Sali ya ce suna juyawa a baibai, amma za su yi atisaye.

Litinin, 11 Fabrairu

Na ce ba zan je ba. Na je kai wa Sali na taran ne kawai, gam ɗinsa bai bushe ba sai da safe. Na tsaya bayan shinge. Raga a tsakiya, ita a nan, wata yarinya a can. Ana ƙirga da Faransanci, onze, huit, sai a koma baya a sake daga farko. Ban gane komai ba. Sau biyu ta zame a kan simintin, na ji har cikin gwiwata. Da aka tafa na ɗauka ita ta ci, na ce wa mutumin da ke kusa da ni 'yata ce. Ya ce ta yi ƙoƙari, amma ɗayar ce ta ci.

Bolan uku suka mutu. Ba wanda ya yi tangaɗi.

Laraba, 13 Fabrairu

Ta bar takalminta a ƙofar ɗaki. Ƙasan ya cinye sumul, shi ya sa. Na tafi da shi rumfa, na yanka masa sabon ƙasa daga tayar mota, na tsattsaga shi don ya kama siminti. Ba don wasan ba. Ba ya kyau a ce 'yar baduku tana yawo da irin wannan.

Na mayar inda na ɗauka kafin ta dawo. Ƙarfe huɗu suke farawa ran Asabar, in ji Dije. Ni ban tambaya ba.