Kwano Tara a Zaurena

Zuwa ga Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, cewa za ki yi in ajiye biron in faɗa da bakina, tunda rubutuna kamar tonon kaza yake. To, yanzu babu wanda zan buɗe wa bakin, ga shi kuma haushinki ya cika mini ciki.

Na tare a Garwa, wata huɗu ke nan. Gidan nan dai da kika matsa mini sai da muka saya, wai kin gaji da kwashe tabarmi duk shekara idan kogin Logone ya cika ya shigo mana ɗaki a Kuseri. Ke kika zaɓi unguwa, har inda za a kafa murhu ke kika nuna. Saura wata biyu mu tashi kika kwanta, kwana shida kika tafi abinki. Wannan adalci ne, Rabi? Na san ba ke kika ɗauki ranki ba, astagfirullah, amma in ban yi miki faɗa ba wa zan yi wa?

Garin ba laifi, zafi ne kawai kamar a bakin tukuba. Na samu tebur a kasuwa, kwata ma ba nisa. Abin da ya dame ni shi ne Fulatanci. Ke kin sha shi a nono wajen mahaifiyarki 'yar Gider, ni kuwa nawa na ciniki ne, daga kilo nawa sai ba ragi. Larabcin da nake taƙama da shi a Kuseri babu mai saye a nan. A kasuwa akwai 'yan'uwa mahauta, ana shan hira da Hausa, amma layinmu kusan duk Fulani ne. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, ni dai sai in yi ta cewa jam, jam, har su gaji su wuce.

Autarki Bilki kuwa ta sa ni gaba. Tun ranar da aka sauke kaya ta ce namiji ɗan shekara sittin da ɗoriya ba zai zauna shi kaɗai a garin da bai san kowa ba. Ta ba ni zuwa bayan Babbar Sallah. In ta zo ta tarar ban yi mutane ba, za ta haɗa kayana ta kai ni Marwa, gidan mijinta a unguwar Domayo, har ta share mini ɗaki kusa da garejin. Ni, Isiyaku, in koma cin tuwon suruki, in riƙa jiran ya fita kafin in yi tari? Kin san halinta, naki ta ɗauko. In ta ce za ta yi, to ta gama yi.

Ga abin da ya kusa kai ni Domayo. Satin da na tare, maƙwabta suka fara aiko da abinci. Tuwon dawa da miyar yakuwa, shinkafa da kifin Binuwai, wata rana kunun gyaɗa. Na ce kai, mutanen kirki, sun ga dattijo sun san girmansa. Na ci, na wanke kwanuka tas, na mayar da ukun farko haka nan, babu ko ƙwayar goro a ciki. Daga nan lissafi ya kwance mini. In dawo daga kasuwa in tarar da kwano biyu ko uku a zaure, ban san wa ya kawo ba, duk samira ce mai fure, duk iri ɗaya a idona. Sai na ce bari in wanke in jera, mai kwano ya zo ya ɗauki abinsa. Babu wanda ya zo. Suka taru har tara.

Sai abinci ya tsaya cak. Gaisuwar nan da ba ta ƙarewa ta koma ɗaga hannu daga nesa. A masallaci ana sallamewa kowa ya saɓa takalminsa. Aka yi suna gida na uku daga nawa, ƙamshin naman kawai na ji, kuma ni mahauci guda a layin ba a ce in zo in feɗe ragon ba. Na yi fushi, na ce girman kai gare su, sun raina ni don ba na jin yarensu.

Malam Buba ne ya fitar da ni daga duhu. Tsohon direban babbar mota ne, katangarmu ɗaya, Hausarsa ta Kano ce don can ya yi ƙuruciya. Ya zauna a bencina, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce matan layin sun sa mini suna, wai tsohon da ke cin tuwo ya haɗa da kwano. Ya ce matarsa ta yi wata biyu tana zuba miya a tukunya don kwanon miyarta yana zaurena, kuma kunya ba za ta bar ta ta aiko a karɓa ba, kada a ce ta yi gori. Ya ce ko da an mayar, ba a mayar da shi wayam, ko gyaɗa ce a zuba. Ya tambaye ni ko a Kuseri ba haka ake yi ba. Rabi, ina zan sani? Ni na taɓa ganin kwano ya fita daga gidana? Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?

Sallah saura kwana goma a lokacin. Washegari na ɗauko cinyar sa, na zauna na yi dambun nama irin wanda rabona da yi tun ina saurayi, na cika kwano tara. Na jera su a baro na tura da rana tsaka, gida gida, ina sallama a ƙofa kamar mai tallan gawayi. Ba na iya shiga, ba na iya bayani, sai dai in tsaya matan su leƙo daga bayan labule kowace ta nuna nata. Ashe murafen ma duk na hautsina su. Matar jauro, wato mai unguwarmu, ta samu lotsattsen murfi, ta ce ba nata ba ne, matar Buba ta ce ita ma ba nata ba ne, suka kaure da musu da Fulatanci a kaina, ni ina riƙe da baro gumi na zuba. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta fashe da dariya, sauran suka kama. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko ranar da na je gaishe da iyayenki.

Kin san sakayyar? Kwana biyu tsakani na dawo na tarar da kwano goma sha ɗaya. Ashe abin ba ya ƙarewa! Ka mayar da ɗaya, biyu su dawo. Yanzu kullum sai na ware hanta ko ƙashin miya ko kayan ciki kafin in tashi daga tebur. Na sayi fenti ina ɗiga wa gindin kowane kwano alama, na matar Buba ɗigo ɗaya, na gidan jauro biyu. Ke yaya kika yi kina gane su?

Bilki ta zo kwana uku bayan Sallah, da babbar jakar da za ta zuba kayana. Ta tarar ina feɗe akuya a gidan jauro. Kafin in dawo matan layin sun shige da ita ciki, sun ba ta labarin baro, sun ce ta bar musu tsohonsu. Ta tsaya a zaure tana kallon kwanukan, sannan ta share ido ta ce in rage barkono a dambun. Da jakarta wayam ta koma Marwa. Don haka ina nan, ba inda za ni.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro. Shekara talatin da huɗu ina kawo nama gida, in zo ci in ga saura rabinsa, in hau faɗa. Na kira ki almubazzara ba sau ɗaya ba, har gaban 'ya'yanki, ke kuwa sai ki ci gaba da tuƙa tuwonki. Ashe kwanukan maƙwabta kike cikawa. Duk tsawon shekarun nan ina yawo a Kuseri ina buɗa kafaɗa, ina zaton halina ne ya sa ake tashi a ba ni wuri. Ranar jana'izarki layi ya cika har bakin kwalta, na ce a raina mutane sun yi mini kara. Ni suka yi wa? Ko wata huɗu ban cika a garin nan babu ke ba, aka yi suna a layina ba a kira ni ba.

Haushinki nake ji da kika bar ni na tsufa ban san wannan ba, amma na kaina ya fi yawa. Ki yafe mini kalmar nan, Rabi. Da bakina ya kamata in faɗa, na bari har sai da ya zama a takarda.

Allah ya jiƙan ki, ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Isiyaku mahauci, Garwa