Ƙofa ta Ashirin da Huɗu

Anti Heike, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar. Ranar ce za mu cika akwatuna mu liƙe, in kuwa aka liƙe to bakin alƙalami ya bushe.

Ni mai zane ce a nan Flensburg. Bana ni da abokin aikina Sönke muka tara masu zane, mu ashirin da huɗu, muka haɗa kalandar jiran Kirsimeti, wato akwati mai ƙananan ƙofofi ashirin da huɗu, ana buɗe ɗaya kullum daga ɗaya ga Disamba. Maimakon cakulan, bayan kowace ƙofa ɗan bajo ne na ƙarfe, irin wanda ake maƙalawa a kwalar riga, kowa da zanensa. Akwati ɗari uku muka sa a kasuwa, kafin Oktoba ya ƙare an saye su tas. Tun farko muka yi alkawari ba wanda zai ga bajon da aka gama, ko da nasa ne, sai ranar ƙofarsa. A naɗe bajojin suke zuwa, kowane da lambarsa, ni kaɗai aka ware, tunda dole wani ya duba abin da masana'anta ta aiko.

Rabon ranaku ƙuri'a muka yi a gwangwanin biskit. Ta ashirin da huɗu, wadda kowa yake haɗiyar yawu a kanta, sai ta faɗa hannun Inna Waltraud. Shekarunta tamanin da ɗaya. Ta yi shekara arba'in tana narka garin gilashi mai launi a kan ƙarfe, a masana'antar allunan sunayen tituna, har aka rufe wurin. Maƙwabciyata ce, kuma in faɗa miki gaskiya, don kara kawai na gayyace ta.

Da ta kawo zanenta, sai da na yi da-na-sani. Mu duka a kwamfuta muke aiki, ita kuwa takarda ce da fensir. Shuɗi ne mai duhu, sai 'yar taga rawaya guda ɗaya a gefe. Shi ke nan fa! Sönke ya ce wannan ai hoton gari ne ranar da aka ɗauke wuta. Muka yi ta dariya, Allah ya yafe mana. A bayan takardar ta cika shafi da umarni: a karce ƙarfen, nan a tsaye, can a karkace, shuɗin kuma ya zama wanda haske ke ratsawa. Sau biyu masana'anta suna bugo waya suna mita. Na lallaɓa na ce mata ko za a ɗan sauƙaƙa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke yarinya, ina wannan aikin tun uwarki tana rarrafe."

Makon jiya samfurin ya iso. Na buɗe a teburin kicin da rana tsaka, na ga shuɗi da taga, na ce to, an yi asarar babbar ƙofa. Zan ajiye ke nan hannuna ya ɗan karkata wajen haske. Anti, sai ga gari ya fito! Rufin gidaje, hasumiyar coci, sandunan jiragen ruwa a tasha, duk suna kwance a ƙarƙashin shuɗin nan. Na ƙara juyawa, garin ya ɓace, sai dusar ƙanƙara tana sauka a kan 'yar tagar. Abin fa bai fi farcen babban yatsana biyu ba. Na zauna ina juya shi, kofina ya huce, miyata ta kama a tukunya, ban sani ba. Shekarata goma sha biyar a sana'ar nan, ranar na gane ko fara ta ban yi ba. Ashe tsohuwar nan ta lissafa inda haske zai faɗa a kan kowane layi, da fensir, da hannun da ke rawa in ta ɗauki cokali.

Washegari 'yarta ta tare ni a kan matakala. Ashe ciwo ya kai Inna Waltraud asibiti, likita ya ce makonni ne suka rage mata, ba watanni ba, an dawo da ita gida. Ba wanda ke da tabbacin za ta ga Kirsimeti.

Na ruga wurinta da samfurin a aljihu. Ko zama ban yi ba ta ce, "Fitar da hannunki daga aljihun nan. Tun ina 'yar shekara biyar ban taɓa buɗe ƙofa kafin ranarta ba, ba kuwa yanzu zan fara ba." Ta sa na miƙo mata biskit mai kirfa, ta canza zance.

Sönke ya ce mu musanya. Tawa ce ƙofar ɗaya ga Disamba, a sa nata a nan, a kai nawa ƙarshe, a ce mata kuskuren masana'anta ne. Sauran duk sun yarda. Abu ne mai sauƙi tunda ba a cika akwatunan ba. Amma zuciyata ta ƙi, kuma na rasa dalili. In kuma na bari ta tafi ba ta gani ba, ban san yadda zan yafe wa kaina ba. Shekara arba'in tana rubuta sunayen wasu a kan alluna, wannan ne aiki na farko da sunanta yake a bayansa. Yaya zan yi?

Mai samfuri a aljihu, daga Flensburg

*

Ƙanwata mai samfuri a aljihu,

Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma kin sa ni ma ina jin haushin ban sayi akwati ba.

Sönke ba mugu ba ne, ƙauna ce ta sa shi wannan dabara, kuma tsoronki gaskiya ne, domin ajali ba ya duba kalanda. Amma zuciyarki ta riga ku gane abin da ke nan. Matar da ta lissafa haske da fensir, ita za ku yi wa ƙaryar kuskuren masana'anta? Haba! Ranar ɗaya ga wata, in ta buɗe ta ga shuɗin nan, ba bajonta za ta gani ba. Za ta ga mutum ashirin da uku sun zauna sun yanke cewa ba za ta kai ba. Ni a ganina ba taurin kai kawai take yi ba. Ƙofar nan ce ta ba ta dalilin wayar gari sau ashirin da huɗu, kada ku ƙwace mata shi.

Saboda haka ku cika akwatuna yadda ƙuri'a ta faɗa. Na farko da kuka liƙe ki kai mata da hannunki. Kullum da safe ki shiga ku buɗe ƙofar ranar tare, ki bar ta ta kushe aikin yaran zamani son ranta, har da naki. Sannan ki gaya mata abin da kika gaya mini. Ba sai kin siffanta ba, ki ce mata kawai ya fito, haske ya faɗa inda ta ce, kuma miyarki ta ƙone a kansa. Wannan ba buɗe ƙofa ba ne, haƙƙin mai sana'a ne ta ji daga bakin 'yar'uwarta.

Samfurin kuwa ya daɗe a aljihunki. Ki sa shi a kwalin ashana, ki rubuta ashirin da huɗu a kai, ki ajiye kusa da gadonta inda hannunta zai kai, a gefen da taga take. Kada ki ce komai. In ta buɗe ranar goma ga wata, ba ruwan kowa, kuma kada ki tambaya. Hukuncin nata ne, kin mayar mata da shi.

In kuwa aka wayi gari kwalin yana nan a rufe ita ba ta nan, za ki yi kuka, ni ma na sani. Amma kada ki ce ta tafi ba ta gani ba. Ita ta fara ganinsa, da rufin gidajen da dusar ƙanƙarar duka, tun ranar da kuke dariyar an ɗauke wuta.

Allah ya ba Inna Waltraud sauƙi, ya kai ku safiyar ashirin da huɗu tare, ya kuma sa a yi rana a ranar.

Taku, Anti Heike