Ko Kafin Afrilu, Ko Bayan Shekara Bakwai

Litinin, 13 ga Janairu, 2025
Na sa hannu. Gona da tumaki duk sun koma sunan ɗana Clive. Lauya ya ce an canza dokar harajin gado, daga Afrilun baɗi gonaki ma ba za su tsira ba. Amma in na bayar tun ina da rai, na kuma ƙara shekara bakwai a duniya, gwamnati ba ta da ko ƙwandala. Na ce, "Yaro, shekarata tamanin da ɗaya. Kun yi maganar da Mai Sama?" Ko murmushi. Lauyoyi!

Alhamis, 6 ga Fabrairu
An ɓoye man shanu. Sukari cokali ɗaya, wai don in kai shekara bakwai ɗin. Yau Clive da kansa ya naɗa mini gyale a wuya, shi da bai taɓa lura ina da wuya ba. Na ji daɗi fa. Tsohuwar banza.

Lahadi, 2 ga Maris
Na kai wa Clive shayi rumbun ciyawa, na tarar yana waya da ƙanwarsa Hilary. Bai ji zuwana ba.
"Ko dai ta rasu kafin Afrilun baɗi a tsohuwar doka, ko bayan shekara bakwai. Tsakiyar ce za ta kashe mu. Tarin nan nata... ni ban ma san me zan roƙa ba."
A bayan ƙofa na shanye shayin, a tsaye.

Litinin, 3 ga Maris
Ban fito ba.

Laraba, 19 ga Maris
Ana cin abinci na ciro kalanda daga bango na ajiye tsakanin dankali da miya. "To, ku zaɓa mini rana. Ban da Talata, ina da wasan kati." Jikata Bethan ta fashe da dariya, ta ga fuskar ubanta, ta haɗiye.
Clive ya ce, "Mama, ba haka nake nufi ba. In suka yanka mana harajin, sai mun sayar da rabin gonar."
Na ce na sani, ai ni na koya maka lissafi.
Gaskiya ya faɗa. Abin haushin ke nan.

Asabar, 12 ga Afrilu
Tumaki na ta haihuwa, tagwaye uku yau. Clive ya leƙo da safe, ya daɗe a bakin ƙofa yana murza hula. "Mama, ya jiki?"
Na ce, "Da sauƙi, na gode," kamar yadda nake amsa wa likitan dabbobi. Ya tsaya yana jiran in tsokane shi.
Ban yi ba. Mantawa na yi, ina jin.