Ni Na Ja Kurkunun Ƙanena Ya Tsinke

Malam, don Allah ka taimake ni, kaina na nema ya kashe ni. Da hannuna na rubuta takardar nan duk da rubutun nawa ba kyau, don ba na son wani a garinmu ya ji abin da ke ciki. Zan ba wani falke mai zuwa Gusau ya kawo maka, shi ma bai san me ya ɗauko ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye bayan dutsen Kwatarkwashi. Babanmu ya rasu ya bar mu a gandu ɗaya, ni da ƙanena Mas'udu da tsohuwarmu Inno. Shekara goma sha huɗu ke nan da babbar yunwar nan. A shekarar na raka babanmu garin Magami neman hatsi gidan wani mai hali. Aka bar shi tsugune a ƙofar gida tun hantsi har azahar, sannan aka miƙo masa abin da bai cika ƙwarya ba, ya kuma yi godiya har ƙasa. Ranar na rantse sai na yi dubu. Ka san al'adarmu, wanda ya ɗaure dami dubu a kaka ɗaya sai a tara gari a ƙirga a gaban shaidu, makaɗa su wasa shi, a naɗa masa rawanin Sarkin Noma.

Tun daga nan ba ni da wani zance. Idan na ta da kabbara dammuna nake ƙirgawa, sai na yi sallama ban san raka'a nawa na yi ba. In na bi ta gonar wani sai na auna ta da ido in ga ko ta fi tawa, in ta fi kuwa ranar tuwo ba ya shiga. Da na zauna hutawa sai in ji ina ce wa kaina rago, ɗan mai roƙon hatsi, tashi. Na hana ranakun gayauna, wato 'yan kwanakin da kowa kan noma 'yar gonarsa ta kansa. Na hana tsofaffin matan gari kala bayan girbi, zangarniya ɗaya ban yarda ta fita ba. Mutane na cewa ba ni da imani. Ni kuwa ina ganin ragwanci ne ke sa su magana.

Bara damina ta yi kyau, na ce shekarata ce. Ana tsakiyar maimai, ciyawa ta taso kamar da gayya take yi, sai kurkunu ya fito wa Mas'udu a ƙasan gwiwa. Ka san yadda ake yi da shi, a naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke, kullum a murɗa kaɗan, in ta tirje a bar ta sai gobe. Matarsa Maijidda ke yi masa, ta ce zai kai wata guda. Wata guda, Malam, a tsakiyar damina. Kwana shida na daure ina kallonsa kwance a inuwar zaure. A na bakwai na dawo daga gona da hantsi, na ce wa Maijidda ta matsa, hannunta ne ba ƙarfi. Inno ta ce in bari. Shi da kansa ya riƙe mini hannu yana roƙona. Na danne ƙafar da gwiwata na ja. Kamar taƙi biyu ya fito, sai ya tsinke, sauran ya koma ciki.

Kwana uku ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi. Wanzami ya zo daga Bungudu ya yi masa sakiya da ƙarfe mai wuta, maza huɗu suka danne shi. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yana ihu, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina lissafin kuyya nawa suka rage a gonar gindin dutse, da ko gayya za ta iya cinye su kafin Juma'a. Na san ihun ɗan'uwana nake ji, amma kan bai tsaya ba.

Ya rayu, sai dai gwiwar ta ƙage, ba ta miƙewa. Da sanda yake tafiya. Kaka ta zo na ɗaure dami ɗari tara da arba'in da ɗaya. Da ya yi haƙuri ya tashi da wuri da na cika, haka zuciyata ke gaya mini, kuma wani lokacin na yarda da ita. Da rani na rage awon da ake ba Maijidda, na ce wanda ba ya noma ba zai ci daidai da mai noma ba. Inno tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙafar kuwa har yau ban dube ta ba, in ya taho sai in kau da kai.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Mas'udu ya ce a raba gandu. Zai ba da aron rabonsa, ya koma Tsafe wurin surukansa ya koyi dukanci, aikin zaune, tunda an ce masu aikin hanyar jirgi suna sayen takalma. Rabonsa kuwa gonar gindin dutse ce, wadda ta fi kowace ba da dawa, in ta fita dubu ta fita har abada. Na ce ya bar mini ita shekara ɗaya tak. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ƙahwa guda ka amsa. Gonag ga ban ba ka ta."

Malam, ka nuna mini yadda zan hana rabon nan, ko da shekara ɗaya ne. Sannan ka ba ni rubutun sha ko laya da za ta sa kan nan ya yi shiru. Na gaji. Ina ganin in na cika dubun zan huta, in ma yi masa alheri.

Naka,
Mai Neman Dubu

*

Mai Neman Dubu, Allah ya ba mu lafiya.

Abu biyu ka roƙa. Na farkon ba zan yi ba. Gonar gadonsa ce, ko alƙali ka je abin da zai gaya maka ke nan, kuma wanda ya koya maka dabarar riƙe ta ya cuce ka. Na biyun zan taimaka, amma laya ba ni da ita.

Bari in ba ka haƙƙinka tukuna. Wanda ya ga ubansa tsugune a ƙofar wani saboda ƙwaryar hatsi, ba wanda zai ce masa don me yake tsoron yunwa. Ƙwazonka ya ciyar da gida shekaru. Na kuma yarda ba ka ja tsutsar nan da nufin gurgunta shi ba. Amma mutum biyu sun ce ka bari, ka danne shi ka ja. Daga baya ka rage masa abinci a kan raunin da kai ka yi masa. Wannan zalunci ne, kuma gara ka ji sunansa daga bakina yanzu. Zancen cewa in ka cika dubu za ka huta, kada ka saya. Kan da bai tsaya ba ƙaninka na ihu, kiɗan makaɗa ba zai tsayar da shi ba.

Ga abin da za ka yi. Daina kokawa da tunanin, kokawar ke ƙara masa ƙarfi. In ƙidaya ta zo, ka lura ta zo, ka ce a ranka ga ta nan kuma, sannan ka mai da hankali kan abin da hannunka ke yi. Fara da alwala. Ka ji sanyin ruwan a tafin hannu, a fuska, a tsakanin yatsun ƙafa, gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Hankalin zai gudu sau ashirin, ka dawo da shi sau ashirin ba tare da zagi ba. Bayan la'asar ka zauna inda ba ka hango gona, ka bi numfashinka yana shiga yana fita, kana istigfari a hankali, gwargwadon yadda za a dafa ruwa ya tafasa. Kwanakin farko za ka ji kamar ɓata lokaci kake. Ci gaba.

Muryar nan mai kiranka rago, ka daina ba ta gaskiya. Da ita ka bugi kanka shekara goma sha huɗu, da ita kuma ka bugi mutanen gidanka. In ta taso, ka ce wa kanka abin da za ka ce wa wanda tsoro ya kama: yau akwai hatsi a rumbu, yau ba wanda zai kwana da yunwa.

Mai wuyar shi ne wannan. Gobe ka mayar wa Maijidda awonta cikakke, ka bar tsofaffi su yi kalarsu bana. Ka je ka zauna ƙasa a gaban Mas'udu, ka dubi ƙafar nan da idonka har sai ka gan ta. Ka ce masa ni na yi maka wannan, a gaban Inno, kuma kada ka haɗa da zancen ciyawa ko damina. Kada ka nemi ya yafe a ranar, wannan ma gaggawa ce. Ka kira dattawa a raba gonar. Ranar tafiyarsa Tsafe kai za ka ɗora shi a jaki, ka riƙe igiyar, ka bi tafiyar jakin komai nawarta. Wataƙila har ku isa ba zai ce maka uffan ba.

Ba zan ruɗe ka ba, ƙafar ba za ta miƙe ba, dubun kuma mai yiwuwa ta tafi ke nan. Ƙanin ne ba a gama sanin ko ka rasa shi ba. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba Mas'udu sa'ar sana'arsa, ya sa wata rana ya aiko a ce yana gaishe ka.

Malam Yari